Takalmin da Ke Hana a Yanke Ƙafa

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen cikin garin Daura, da na Mai'adua, da Sandamu, da Zango, da Baure, har da 'yan uwanmu na ƙetaren Kwangwalam da muryar nan take isa gare su.

Yau maganar takalmi za mu yi. A cikin ayyukan lafiya akwai wata sana'a da yawancinmu ba ma jin labarinta sai bayan aikin gama ya gama. Ita ce sana'ar auna ƙafar majiyyaci a haɗa mata takalmin da zai kare ta, ko shimfiɗar da ake sawa a cikin takalmi, ko ƙarfen da ke tallafar ƙafar da ta raunana. A manyan asibitoci masu wannan aiki suna zaune ne a sashen da muke ce wa na ƙafar roba, shi ya sa muka ɗauka ba a zuwa wurinsu sai an yanke wa mutum ƙafa. Alhali kuwa aikinsu da ya fi daraja a wurina shi ne hana a kai ga yankan. Ra'ayina shi ne masarautar Daura tana bukatar masu wannan sana'a a cikinta, kuma tana da hannuwan da za a koya wa.

Allah cikin hikimarsa ya sa mana jin zafi domin ya tsare mu. Lafiyayyen mutum idan tsakuwa ta shiga takalminsa, taku biyu zai yi ya tsaya ya kakkaɓe. Idan takalmi ya matse shi zai ɗingisa, ya sauya taku, da ya samu wuri ya cire. To ciwon suga idan ya daɗe a jiki ba a shawo kansa ba, sai ya riƙa cin jijiyoyin da ke kai wannan saƙo daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum zai ji mindirya, ko raɗaɗi cikin dare, daga baya ƙafar ta yi tsit. Har murna wani yake yi, ya ce ciwo ya tafi, alhali lokacin ne hatsarin ya soma. Zai wuni da ƙusa a takalmi bai sani ba, sai ya zo alwalar magariba ya ga jini. Fata ta bushe domin gumi ya daina fita, faso ya buɗe a dunduniya, yatsu su ƙudundune, ƙashin gindin yatsu ya turo ƙasa, nauyin jiki duka ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Nan kanta take fitowa. A ƙarƙashin kantar nama yana dakuwa da kowane taku, jini ya kwanta, wata rana ta fashe ta zama miki. Ga shi kuma sau da yawa jini ba ya isa ƙafar mai suga yadda ya kamata, don haka mikin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su shiga har su tarar da ƙashi.

Yanzu ku auna wannan da irin zamanmu a nan. Manomi a Baure ko Zango yana shiga gona da silifa, wani ma ba komai a ƙafarsa, ga ƙaya, ga tsidau, ga tushiyar gero bayan girbi. Da bazara yashin tsakar rana yana ƙona fata, amma dattijo zai tuɓe takalmi a bakin sahu ranar Juma'a ya taka shi. Da hunturu tsohuwa za ta miƙa ƙafa ga kaskon wuta, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ɗan kasuwa zai wuni tsaye a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi cikin sabon sau-ciki da ya ɗan matse shi. Ko a aikin Hajji likitoci sun sha ba da rahoton alhazai masu suga da tafin ƙafarsu ya sale, saboda takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, suka tako daɓe mai zafi har masauki ba su ji komai ba.

Kada wani ya ce abin bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Tsakanin 2017 da 2018 likitoci sun bi diddigin majiyyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na suga a manyan asibitoci shida na ƙasar nan. Fiye da ɗaya cikin uku an yanke masu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sun rasu. Wanda ma Allah ya sa mikinsa ya warke bai tsira ba tukuna, domin binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mutum 40 cikin 100 miki yana dawo masu kafin shekara ta zagayo. Dalilin dawowar ba ɓoyayye ba ne. An yi wata da watanni ana wanke miki, an kashe kuɗin gona da na akuya, ranar da aka sallami mutum sai ya mai da ƙafarsa cikin takalmin da ya jawo mikin tun farko.

Wannan ilimi ba daga ciwon suga aka fara samunsa ba, daga kuturta ne, kuma mu mutanen ƙasar Katsina ba baƙi ba ne ga tarihinta. Tun shekarun 1930 aka san Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, a matsayin wuraren jinyar kutare, kamar yadda daga baya aka san Danja a kusa da Maraɗi. Iyaye da kakanni sun ɗauka cutar ce take cinye yatsu da kanta, likitocin duniya ma haka suka ɗauka. Sai wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta kudancin Indiya a 1946, ya zauna ya sa ido a kan majiyyatansa. Ya gano naman kuturu yana warkewa kamar na kowa idan an bar shi ya huta. Abin da ke cinye yatsun rauni ne a kan rauni, a gaɓar da ba ta jin zafi. Har ya gano ɓeraye kan ci yatsun wasu suna barci ba su farka ba, aka koma ba su kyanwa idan za su tafi gida. Daga nan shi da abokan aikinsa suka shiga gwajin takalma, har suka dace da wata roba mai laushi, mai ƙananan ƙofofin iska a cikinta, wadda ke lotsawa ta bi siffar tafin ƙafa ta raba nauyi. Aka riƙa sa ta a saman takalmi, a ƙasa kuma a sa taya mai tauri wadda ƙaya ba ta hudawa. A tsakiyar shekarun 1960 ya koma Carville a Amurka, can ya nuna wa likitoci cewa ƙafar mai suga da ta kuturu hanya ɗaya suke bi su lalace, hanya ɗaya kuma ake tsare su.

Kuturta yanzu tana da magani. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke kashe ƙwayar cutar, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Amma magani yana kashe ƙwayar cuta ne, jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Wanda ya warke da ƙafa marar ji zai bukaci takalmin kariya iya rayuwarsa, kuma har yau a Najeriya ana samun sababbin masu kamuwa kowace shekara.

To me mai wannan sana'a yake yi da ya bambanta shi da mai tallan takalmi? Ba ya fara da takalmi, da ƙafa yake farawa. Zai kwantar da kai, ya ce ka rufe ido, ya ɗauko wani siririn zaren roba da aka auna ƙarfinsa, wanda yake lanƙwasawa idan an danna shi da nauyin giram 10, ya taɓa wurare a tafin ƙafarka. Inda ba ka ji ba, ya san kariyar wurin ta tafi. Zai taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Zai duba tsakanin yatsu, da farce, da inda kanta ta fito. Zai karɓi tsohon takalminka ya juya shi, domin gefen da ya cinye yana gaya masa yadda kake taku. Sa'an nan ya sa ka taka wata shimfiɗa mai tawada, sawunka ya fito a takarda, inda ya fi baƙi nan nauyi ya taru.

Awo kuwa a tsaye ake yinsa, domin ƙafa tana bajewa idan nauyi ya hau ta, kuma an fi son yamma, lokacin da ta ɗan kumbura. Ƙafa biyun duka ake aunawa, don ba safai suke zama daidai da juna ba. Idan ƙafar ta sauya siffa sosai, sai ya ɗauki zubinta da filasta ko da soso na musamman, ya fitar da kwatankwacinta, a kansa zai gina shimfiɗar: mai laushi a sama, mai ɗan ƙarfi a ƙasa, ya rarake inda ƙashi ya turo, ya cike kwarin tsakiyar ƙafa don shi ma ya ɗauki rabonsa na nauyi. Takalmin da za a sa ta ciki dole ya kasance mai zurfi, mai faɗi a wajen yatsu, da ratar akalla santimita 1 a gaban yatsa mafi tsawo, ba ɗinki mai kaushi a ciki, ba ƙusa ko ɗaya, da maɗauri a baya don kada ya zame mutum bai sani ba. Wani lokaci yakan taurara ƙasan takalmin ya ɗan karkata gabansa sama, yadda ƙafa za ta mirgina a taku ba tare da gindin yatsu ya lanƙwashe ba. Ranar da ka karɓa ba zai bar ka ka wuni da shi ba. Awa ɗaya ko biyu, ka cire, a duba ko akwai inda ya yi ja ko ya yi ɗumi, a gyara. Bayan 'yan watanni ka koma, domin shimfiɗa tana mutuwa, ƙafa kuma tana ci gaba da sauyawa.

Kun ga ke nan lamarin kamar na tabarau ne: na wani ba ya yi maka, kuma ba a saye a tire. Ina faɗin haka ne saboda silifan nan masu ƙuraje-ƙuraje da ake yawo da su ana cewa suna motsa jini, suna maganin suga. Mai ƙafa marar ji ya nisance su, ƙurajen nan su ne za su huda shi. Haka reza. Kantar mai suga ba ta mai yankan farce ba ce a bakin kasuwa, ba kuma ta wanzami ba ce, duk da girmamawar da nake yi wa wanzamai. A asibiti ake kankare ta.

Sana'ar ba ta tsaya ga tsofaffi ba. Kusan jariri ɗaya cikin dubu ana haifarsa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau, wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne, kuma yana gyaruwa. Wani likita, Ignacio Ponseti, ya fito da hanyar gyaransa a jami'ar Iowa ta Amurka tun shekarun 1950: kowane mako a lallaɓa ƙafar a hankali a ɗaure ta da filasta, kamar sau biyar ko shida, yawanci a ɗan tsaga jijiyar agara, ƙafa ta miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka makonnin farko bayan haihuwa sun fi. Amma abin da ke riƙe gyaran takalma ne guda biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, yaro ya sa kusan dare da rana na wata uku, daga nan sai lokacin barci kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Idan aka yar da takalman, ƙafa takan koma gidan jiya. Yaro kuma girma yake yi, kowane 'yan watanni sai an sauya masa. A Uganda wani ma'aikacin gashin ƙashi ɗan ƙasar Holan, Michiel Steenbeek, ya tsara irin wannan takalmi da fata da ƙarfen da ake samu a kasuwar gari, masu sana'ar hannu na can suke haɗa shi da araha, yanzu ana amfani da shi a ƙasashe da dama.

Ga kuma waɗanda shan inna ya taɓa. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya a 2016 a jihar Borno, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Alhamdu lillahi. Sai dai waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, matasa ne yanzu da magidanta, da yawansu ƙarfen tallafi da takalmi mai tudu a ƙafa ɗaya zai tashe su tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duk mutum goma da ke bukatar irin waɗannan kayan taimako, ɗaya ne kawai yake samu. A jerin kaya 50 mafi muhimmanci da ta fitar a 2016, takalmin jinya yana ciki, takalmin jarirai masu murɗaɗɗiyar ƙafa yana ciki. A arewacin ƙasar nan wurin da kowa ya sani shi ne asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. A Katsina akwai asibitin Janar Amadi Rimi da asibitin koyarwa na tarayya. Karatun sana'ar kuwa an fi saninsa a kudu, a kwalejin da ke asibitin ƙashi na Igbobi a Legas da jami'ar fasaha ta tarayya a Owerri. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano ta Kazaure ya haura 100. Ku tuna kuma ba zuwa ɗaya ba ne: awo, gwaji, gyara, sauyi. Talakan da ke ƙauyen Sandamu zai je sau ɗaya, na biyu kuɗin mota ya gagara, shi ke nan an bar maganar.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan ƙasar dukawa ce. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da ake ɗinkawa a can har Arewacin Afirka ake kai su. Fatar jan akuyarmu duniya ta san ta. Majema suna nan da bagaruwarsu, dukawa suna nan suna ɗinka kube da linzami da kayan dokin da muke alfahari da su a hawan Sallah. Masu yanka takalmin taya suna kowace kasuwa. Hannun da ya iya wannan ba zai kasa yanka shimfiɗa bisa awo ba. Abin da ya rasa shi ne sanin ƙafa: ina jijiya take, ina ƙashi yake, me ya sa ƙusa guda za ta iya jawo asarar ƙafa. Shi kuma ma'aikacin lafiya ya san ƙafa, bai san fata da zare ba.

A Daura yau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019, akwai makarantar koyon aikin lafiya, akwai kwalejin fasaha ta tarayya. A Samarun Zariya akwai cibiyar nazarin fata ta ƙasa, inda ake koyar da haɗa takalmi. Ban ga abin da zai hana a ware ɗaki guda a asibiti ba, a ɗauko ƙwararre mai rajista ko da ɗaya, a zaɓo matasa daga gidajen dukanci a tura su Dala da Zariya su yi watanni, su dawo su yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya duba ƙafa ya yi awo, su su ɗinka, shi ya gwada ya sa hannu. Ina jaddada wannan sharaɗi, domin baduku da ya ji rabin bayani ya buɗe rumfa yana sayar da takalmin masu suga ba mai duba aikinsa, ɓarnarsa za ta fi gyaransa. Kayan aikin ba su kai kuɗin fiɗa guda nawa ba: injin ɗinki, injin goge roba, ɗan murhun gasa ta, filasta, gam. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ɗan garin nan ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa mata hannu a watan Janairun 2019. Ya dace a ce garinsu ya zama wurin da ake ganin amfaninta a ƙafar mutane. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai, su sa baki, don dukawa mutanen fada ne tun asali, kira ɗaya za su amsa.

Akwai wata matsala da kuɗi ba sa magancewa. A wurare da dama an raba wa waɗanda suka warke daga kuturta takalman kariya kyauta, suka ajiye su a ƙarƙashin gado, domin duk wanda ya ga takalmin ya san ciwon mai shi. Mutum ya gwammace miki da a nuna shi da baki. Nan ne baduku ɗan gari ya fi kamfanin waje, shi ya san irin takalmin da magidanci zai sa da babbar riga ya je ɗaurin aure ba a dube shi sau biyu ba, ya san wanda mace za ta yarda ta sa zuwa gidan suna. A ɓoye maganin a ciki, waje ya zama kamar na kowa.

Sai kuma al'adarmu ta tuɓe takalmi: a masallaci, a zaure, a gaban manya, a tsakar gida. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son ta gushe. Amma mai ƙafa marar ji, takun da yake yi a cikin gida ba shi da iyaka, kuma nan ne allura da garwashi da fasasshiyar kwalba suke. Ya kamata a yi masa na gida dabam, mai tsabta, wanda ba a fita da shi. Idan ya zo gaida babba, babban ne ya dace ya fara cewa, "Malam, bar takalminka, na san lalurarka." Malamanmu kuma su taimaka da bayanin huffi da safa mai kauri, da hukuncin shafa a kan bandeji ga mai miki, domin akwai bayin Allah da ke kwance ɗaurin asibiti su jiƙa gyambo sau biyar a rana saboda tsoron kada alwalarsu ta ƙi inganta.

Alwalar ma dama ce da Allah ya ba mu. Baba, idan kana da suga, duk sanda ka wanke ƙafa ka ɗaga ta ka duba tafin, ka tsane tsakanin yatsu, ka shafa mai a dunduniya ban da tsakanin yatsun. Idan ido ya yi rauni ko baya ba ya sunkuyawa, ka sa jika ya duba maka, ko ka ajiye madubi a ƙasa. Inna, idan lalle ya rufe ƙafa ba za a ga inda ya sauya launi ba, a riƙa barin tafin fili. Kafin a sa takalmi a zura hannu ciki a lalube. Wanda ya ga bororo, ko tsaga, ko wuri ya yi baƙi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ɗumi da kumburi, kada ya jira ranar kasuwa, kada ya tsaya a kemis, ya tafi asibiti a ranar. Idan kuma aka je ganin likitan suga, a tuɓe takalmi da safa tun kafin ya tambaya, a ce masa, "Likita, a duba mini ƙafa, a kuma gaya mini inda zan samu wanda zai auna mini takalmi."